Mai Jera Kujeru da Munafukar Lamba

Ƙanena shekara talatin da biyu yana jera kujeru a zauren taro. Ni da shi babu wanda ya taɓa zama a aji, amma shi Allah ya ba shi kan lissafi, ni kuma ya ba ni baki.

Ya raba lambobi gida uku. Akwai masu kirki, irin su ɗari bakwai da ashirin, ta duk inda ka ɓullo musu sai su rabu layi-layi ba saura. Akwai masu taurin kai, waɗanda ba sa rabuwa ko za ka mutu, kullum sai kujera ta yi saura kamar baƙon da ba a gayyata ba. Sai munafukai, masu kama da masu taurin kai alhali suna da ƙofa a ɓoye.

Bara aka kawo sabon manaja, ɗan gaye mai turare. Ya ce tsoho ya gaji, ƙarshen wata ya tafi gida ya huta. Ƙanena ya shigo ɗakina ya zauna, ko ruwa ya kasa sha.

Na ce, "Hutun me? Kai da ko tabarma ka gani a karkace sai ka gyara?"

Ana saura kwana huɗu ya bar aiki, sai wata makaranta ta kama zauren. Kujera dubu ɗaya da ɗari da arba'in da bakwai suke so, kowane layi daidai da ɗan'uwansa saboda hoto, ba ƙari ba ragi. Manaja ya yi ta latsa waya, ya raba da biyu, da uku, har ashirin, ta ƙi. Ya ce a kira su a ba su haƙuri. Ina wurin, na kai wa ƙanena maganin ciwon gwiwarsa.

Ƙanena ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan munafuka ce. Da wuri ka tsaya."

"Baba, waya ta ce ba ta rabuwa."

Na ce, "Wayar ta taɓa ɗaukar kujera?"

Ƙanena ya harare ni, sannan ya taka daga bango zuwa bango. Ya ce faɗin zauren yana cin kujera talatin da bakwai idan aka mayar da hanya gefe. Layi talatin ya san su tun yana da baƙin gashi, dubu da ɗari da goma ne. Saura talatin da bakwai, wato layi guda cif.

Manaja ya latsa waya, ya sake latsawa. Can ya tuɓe kwat ya rataye a ƙofa.

"Baba, daga ina ake farawa?"

"Daga baya, ɗana. Bibbiyu za ka ɗauka, kada ka ja su a ƙasa."

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, ba wanda ya sake ta da maganar. Yanzu da safe tare suke auna zauren, manaja na riƙe da bakin igiya.