Gawayin Ɓawon Lemo

Shekarar da gawayi ya yi tsada har muka koma auna shi da kwano, ni ce mai girki a gidanmu na Ƙofar Kibo. Mu tara ne, ga Gwaggo, yayar mahaifinmu da ta riƙe mu, ba ta jure hayaƙin itace saboda ƙirjinta.

Wata ƙawata da ke aiki a harabar jami'a ta Kongo, nan garinmu, ce ta gaya mini ana yin gawayi da ɓawon 'ya'yan itace. Sau ɗaya ta kwatanta mini, na riƙe. Washegari na je wurin dattijon da ke fere lemo a bakin titinmu, na roƙe shi ya riƙa tara mini ɓawon.

"Akuya kika saya, 'yata?"

"A'a Baba, wuta zan yi da shi."

Ya ce Allah ya ba da sa'a, shi dai an rage masa zuwa juji.

Na baza ɓawon lemo da na ayaba a kan soro har suka bushe ƙayau. Na zuba a tsohon duro na cinna wuta, na rufe bakin na liƙe da laka, don ya ci a hankali ya yi baƙi, kada ya zama toka. Na daka, na tankaɗe, na kwaɓa da kokon rogo, na dunƙula kamar fura.

Na farkon duk suka ruguje a kurfoti. Gwaggo ta ce na ɓata mata turmi, na yi asarar garin rogo. Ban yi musu ba, don na san inda na kuskure: kokon ya yi ruwa, kuma hannu kaɗai ba ya matse shi. Karo na biyu na dama shi da kauri, na riƙa cusa kwaɓin a gwangwanin madara ina dannawa da taɓarya. Mako guda na bar su a rana.

Ranar gwaji Gwaggo da kanta ta auno wake.

"In abin naki wuta ce, dafa mini wannan. Kada ki sa kanwa."

Ta shimfiɗa tabarma kusa da ni ta zauna. Garwashin ya kama ja wur, babu hayaƙi, babu tartsatsi. Har waken ya nuna ba ta yi tari ba. Ta murje ƙwaya ɗaya da yatsa, ta ce in ɗora mata ruwan wanka kafin wutar ta mutu.

Yanzu maƙwabta ke aiko mini da ɓawo, matan layinmu uku kuma sun koya a tsakar gidanmu. Damina ce kawai ke ba mu wuya, don ba ya bushewa. Shi ya sa nake yin mai yawa lokacin mangwaro in adana a buhu, domin na ƙwallonsa ya fi kowanne daɗewa a wuta.