Kundin Bagaruwa

Ranar da Nasiru ya dawo neman kundinsa ba ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina ƙaramar malama a sashen kimiyyar sinadarai na wata jami'a a nan Sakkwato. Ga wanda bai san tsarinmu ba, kowane ɗalibin ajin ƙarshe sai ya yi bincike na kansa ƙarƙashin malami guda, ya kare shi a gaban malamai, sannan a ɗinke shi a ajiye a sashe da sa hannu da hatimi. Shi muke kira kundi.

Nasiru ɗan gidan majema ne, ni na duba aikinsa. Ya yi bincike kan bagaruwar da iyayensa ke jeme fata da ita, ya gano yadda za a tace ta don fatar akuya ta yi laushi ba tare da ta yi baƙi ba. Wannan aikin ne ya sa ya daina kunyar sana'ar gidansu. Bayan ya gama bautar ƙasa, wata jami'a a ƙasar waje ta ce za ta ɗauke shi digiri na biyu, in dai ya turo kundin mai hatimin sashe kafin ƙarshen wata. Nasa kwafin ruwan damina ya lalata shi, kwamfutarsa kuma an sace.

Na ce masa, "Zauna, yanzu zan ɗauko maka."

Na je ɗakin ajiya na tarar an shimfiɗa tayil, an sa kujerun alfarma, ya zama ofishin wani sabon mataimaki. Masinjanmu ya gaya mini cewa lokacin hutu aka loda kundayen a keke, aka rabar wa masu sana'a a unguwar Gawon Nama.

Na wuce ofishin shugaban sashe, ko sallamar kirki ban yi ba.

"Ranka ya daɗe, wa ya ba da umarnin kwashe kundayen ɗalibai?"

Bai ɗago kai ba. "Ni ne, Malama. Gara na cin su, wuri kuma muke so. Wa ke karanta su?"

"Ga wanda ake son karanta nasa nan zaune a ofishina."

"To, mi kike so in yi? Shi sake rubutawa mana."

Mutumin da ya zauna a kujerar alƙalanci ranar kare kundi ya tsare yaran nan da tambayoyi har wasu suka yi kuka, shi ne ke faɗin haka. Na juya na fito.

Da la'asar muka je Gawon Nama ni da Nasiru. Wata mai ƙosai ta nuna mana abin da ya rage a buhunta. Muka durƙusa muna ɗaga shafuka masu maiƙo: binciken rijiyoyi, na gero, na ƙasar fadama. Nasa ba ya ciki. Matar ta yi ta ba mu haƙuri, alhali ita ba ta yi laifin komai ba.

Wa'adin ya wuce, gurbin ya tafi. Na kai ƙara a rubuce, aka kafa kwamiti, kwamitin bai taɓa zama ba. Nasiru ya koma majema. Bayan shekaru ya sake gwaje-gwajen da kansa, ya yi digiri na biyu a nan gida, yanzu yana koya wa matasan unguwarsu tace bagaruwa. Idan an ce ai ƙarshensa ya yi kyau, raina ƙara ɓaci yake yi, don ba mu muka gyara masa ba.

Ku da kuka shigo aikin koyarwa kwanan nan, ku sani ɗalibi na ɗaukar bincikensa da gaske ne saboda mu muka ce masa yana da muhimmanci. Da yawa daga nan suke gane abin da za su yi da rayuwarsu. In a zuciyarku takardar ƙunshe ƙosai ce, ku gaya masa tun ranar farko, kafin ya ba ku shekararsa.