Gonar Goggo ta ƙetare kogi

Garinmu yana ƙasar Sudan, kudu da Sinja, a kan wata gaɓa da kogi ke gutsura duk shekara. Kakanninmu daga ƙasar Sakkwato suka taso za su Makka, suka yada zango a nan don su yi damina ɗaya. Dawa ta yi kyau, shi ke nan aka zauna. Da kakana ya rasu, goggona, ƙanwar babanmu, ta gaji 'yar gona a bakin ruwa, inda take shuka albasa da kuɓewa.

Shekarar da na dawo daga karatu a birnin Madani, kogi ya cika ya kwashe gonar ɗungurungum. Da ruwa ya janye, sai ga sabon tsibiri kusa da ɗaya gaɓar, mutanen ƙetare har sun shuka kankana a kai. Goggo ta daɗe tana hangensa, sannan ta ce ƙasarta ce, ta gane launinta. Tunda ni ne mai karatu, wai in raka ta.

A cikin kwalekwale na yi ta mata bayanin yadda laka ke gangarowa tun daga duwatsun Habasha. Ta ce ita ba ta da gona a Habasha.

Muka tarar da wani dattijo, mai kankanar. Ya saurare ta har ta gama, rabi Hausa rabi Larabci, sannan ya nemi shaida. Goggo ta duƙa ta ɗebo ƙasa, ta sunsuna, ta miƙa masa. Shi ma ya sunsuna, don ladabi.

"Hajiya," ya ce, "ni ma bara waccan ruwa ya kai tawa gonar wajenku, ban zo biɗa ba."

"Sakacinka ne, Malam," in ji Goggo.

Dariya ta kama shi har ya zauna a ƙasa. Ya yanka mata kunya huɗu a wutsiyar tsibirin. Kullum da safe ta riƙa ƙetarewa, ido a rufe, tana salati, don tsoron ruwa gare ta. Albasar kuwa ta yi.

Damina ta zagayo, kogi ya share tsibirin duka. Goggo ta tsaya a gaɓa tana duban inda ruwa ya nufa, ta tambaye ni garuruwan da ke can ƙasa. Na fara lissafa mata, ta tare ni, ta ce in je tasha in tambayo motar da ke bin bakin kogi.