Kawu Sarkin Tafi

Aiki ɗaya tak Kawu Sarkin Tafi ya yi wa ƙasa a zamanin mulkin Janar, wato fara tafi. A layi na uku yake zama a zauren taro, da Janar ya yi gyaran murya sai ya buga hannu, jama'a su bi. Da wannan ya samu shago, da shi ya ajiye tumbi, har hannunsa ya yi kanta kamar na maƙeri.

Ranar da aka fasa fadar Janar, Kawu yana ƙarƙashin gado, matarsa na tura masa kwanon abinci da ƙafa. Amma da gari ya lafa, babu wanda ya kai shi ba da labarin yadda "muka kori azzalumi".

Da masu shirya fim ɗin faɗuwar Janar suka zo neman masu cika fili, shi ne a gaba cikin 'yan tawaye. Aka ba shi bindigar katako, aka ce da zarar Janar na wasa ya leƙo ta bene, kowa ya yi masa ihu. Mutumin ya leƙo, ya yi gyaran murya. Sai ga Kawu ya yar da bindiga yana raf-raf-raf, har da washe baki.

Aka sake ɗauka, ya sake. Darakta ya dafe kai ya ce, "Baba, koma can cikin 'yan fada."

Da fim ya fito, matarsa ta kalla, ta taɓe baki ta ce masa, "Duk cikinsu kai kaɗai ne ba wasa kake yi ba."