Ƙanen Takwas

Yayana ya shiga masaƙar garinmu yana ɗan shekara sha bakwai, ni na bi shi bayan shekara uku, kuma har yau bayan nasa nake bi. A ɗakin saƙa inji huɗu ake ba ma'aikaci, in ya ƙware a ƙara masa biyu. Shi kafin ya yi aure ya riƙe takwas. Daga nan sunansa ya ɓace, kowa sai Takwas, har surukarsa. Ni kuwa aka laƙaba mini Ƙanen Takwas. Yau jikokina goma sha ɗaya, gemuna fari fat, amma ko magani na je saye haka mai kantin ke kirana.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, mutumin ya iya aiki. Yana bakin inji na biyu zare ya tsinke a na bakwai, ta tafin ƙafa yake jin girgizar daɓen ta canja. Ya je ya ƙulla da hannu ɗaya, ƙullin da mai duba yadi ma ba ya gani. Abin da ke ci mini rai shi ne ko gumi ba ya yi. In an busa jiniyar tashi, ni na fito auduga ta cika mini kai da gira kamar wanda ya yi dambe da katifa, shi ya fito rigarsa tsaf yana raba wa mutane gaisuwa.

Ni ma fa na kai takwas ɗin. Shekara ashirin da biyu ina haƙilo, sai da ya rage wata uku a rufe masaƙar aka ba ni. Wa ya lura? Kowa na ta lissafin inda zai dosa da iyali, ba wanda ke da sukunin ƙirga injin wani.

Ɗakin saƙa wuri ne da ko ihu ka yi a kunnen mutum ba zai ji ba. Saboda haka da leɓe muke magana, babu murya. Daga wannan bango zuwa wancan ake gulmar mai duba aiki, a sanar da haihuwa, a yi faɗa a shirya. Ƙarar nan ita ta cinye kunnuwan Yaya. Bayan an rufe ya koma gyaran keken ɗinki a ƙofar gida, in mai keke ya zo da dogon bayani sai a aiko a kira ni, don bakina kaɗai yake karantawa ba gargada.

Shekaru ginin masaƙar na tsaye, jemagu na haya kyauta, masu wucewa ba sa ko ɗaga kai. Sai bara aka ce za a mai da tsohon ɗakin ajiyar yadi gidan tarihi. Wata malama ta zo da mai kyamara, wai suna neman ma'aikaci ɗaya da zai ba da labari a ɗauka. Ɗaya tak. Ba sai na faɗi wanda gari ya nuna musu ba.

Ni aka kira tafinta. Na sa rigata mai kyau, har da turare.

"Baba, ɗan matsa baya," in ji mai kyamara. "Inuwarka na shiga."

Na matsa. Malama ta yi tambaya, ni in motsa leɓe, Yaya ya amsa da muryar nan tasa ta kurame mai tsaga kunne. Ya ba da labarin ƙulli, da jiniya, da shekarar da yadinmu ya ci gasa. Rabin abin ni nake tuna masa daga bayan kyamara. Zuciyata kuwa tafasa take, don hassada na ji, ba na kuma ɓoyewa.

Can sai malama ta ce, "Tambaye shi, akwai wani mai rai da ya taɓa riƙe inji takwas ban da shi?"

Na tsara masa tambayar a hankali, kalma bayan kalma, har ina ɗan nuna ƙirjina da haɓa. Ya dube ni ido cikin ido.

"Babu kowa!" ya ce, har mai kyamara ya zabura.

Idona ya rufe. Na juya na fita, na bar su su ƙarasa da alamar hannu. Wata biyu ban taka ƙofarsa ba. Matata ta yi ta faɗa, wai tsofai-tsofai da mu muna gaba kan injin da aka sayar wa masu gwangwan. Na ce ta bar ni, ciwon ba a jikinta yake ba.

Ranar buɗe gidan tarihin matata ce ta ja ni. Manyan gari a kujerun gaba, mu tsofaffin ma'aikata wajen talatin a baya. Aka kunna allo, ga Yaya ya cika bango. Aka zo tambayar, ya ce babu kowa, aka ma rubuta a ƙasa don kada wani ya rasa. Sai na ji layinmu ya fashe da dariya, wata tsohuwar mai kaɗi har tana share hawaye. Na gaba suka waiwayo suna harararmu.

"Me ya faru?" na tambaye ta.

"Kai ba ka kalli bakinsa ba? Jira ya sake zagayowa."

Na jira har fim ɗin ya ƙare ya sake farawa. Bayan "babu kowa", Yaya ya bi wani da ido zuwa ƙofa, leɓensa na motsi babu sauti: "Sai wancan mai baƙin cikin. Shi ma takwas, kuma yadinsa ya fi nawa santsi."

Na lallaɓa wajen malama na ce a ƙara wannan a rubutun ƙasa. Ta ƙura wa allon ido, ta ce cikin ladabi, "Baba, ai nan bai ce komai ba."

Na waiwaya na ƙirga waɗanda za su iya yi mini shaida. Ƙaraminmu shekararsa sittin da takwas.