Katunan Litinin na Eladio Peguero

Eladio Peguero yana da shekara sittin da ɗaya, kuma shi ne mafi daɗewa cikin masu ɗaukar wa 'yan golf jaka a wani kulob da ke bakin teku, gabas da San Pedro de Macorís. Yana ɗan sha takwas ya fara, bayan an rufe injin rake inda mahaifinsa ke aiki. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, wurin da igiyar jaka ke zama.

Masu wannan aiki suna da wata al'ada ta magana. In baƙo ya yi bugu mai kyau, a ce masa "mun buga." In ƙwallo ta faɗa ruwa, a ce "mun yi rashin sa'a." Ba a cewa "ka", ba a cewa "na". Shekara arba'in da uku Eladio yana cewa "mu". Lada ɗaya da ba ta kuɗi ba ita ce Litinin: ranar ake rufe fili don gyaran ciyawa, a bar masu jaka su buga nasu wasan. Duk katin makin da ya cike yana cikin wani gwangwanin biskit a ɗakin matarsa, Doña Ondina.

Baƙi sun cika masa kunne da labarin wani tsohon fili a Scotland, inda iska ke kwashe ƙwallo kamar takarda. Ya ƙudura sai ya buga a can sau ɗaya, wani na ɗauke masa jaka. 'Yarsa Yokasta, mai aikin karɓar baƙi a otal, ita ta shirya komai: fasfo, masauki, rigar sanyi ta aro. Biza ta fito a watan Maris. Sai wasiƙa ta zo daga filin: ba a barin kowa ya buga sai da takardar shaidar matakin wasansa, mai sa hannun kulob.

"Wannan ai mai sauƙi ne, Baba," in ji Yokasta. "Filin nan kai ka raine shi."

Ya ɗauki gwangwanin ya nufi ofishin manaja Abreu, wanda ake kira Licenciado, wato mai digiri, mutumin da yake ɗaukar wa jaka duk safiyar Talata shekara tara. Abreu bai ko buɗe murfin ba.

"Don Eladio, ka san mu nan dangi ne. Amma Litinin fili a rufe yake. A takarda, ba wanda ya taɓa wasa a nan ranar Litinin."

"To waye ya cike waɗannan, Licenciado? Aljanu?"

"Doka ce. Zagaye uku, a ranar da fili ke buɗe, mamba ya gani ya sa hannu. Ba mu da yadda za mu yi."

"Wane mu?" in ji Eladio. Ya rungumi gwangwaninsa ya fita.

Da yamma a teburin domino ƙofar shago, ya riƙa doka ƙwayoyi har kwalabe na rawa. Amininsa Fulgencio, wanda suka fara aiki shekara ɗaya, ya ƙi barinsa ya huce.

"Compadre, ashe fatalwa nake wasa da ita duk shekarun nan? Shi ya sa ban taɓa cin ka ba."

"Rufe min baki, mai bugu kamar ana saran rake! Shi kuwa Abreu, mutumin da bai san gabas da yamma a kan ciyawa ba, ni ne idonsa, ni ne hankalinsa. Ya ci kofin gasa, aka rataye hotonsa a bango, ni ina gefe an yanke rabin hulata. Yau shi ke ce min ban taɓa wasa ba!"

"To ka roƙi wani mamba mana."

"Na roƙa? In mutu da jaka a kafaɗa ya fi."

Sati guda bai ci ayabar safe da Ondina ke kirɓa masa da albasa ba, kofi kawai yake sha yana zagi. Yokasta ce ta karanta dokokin kulob ɗin tun daga bango har bango, ta gano cewa duk wanda ya biya kuɗin baƙo yana iya zaɓar lokacinsa, kuma in shi kaɗai ne sai a haɗa shi da wanda ke da gurbi. Licenciado Abreu shi kaɗai yake bugawa ƙarfe bakwai na safiyar Talata. Kuma mamba ne.

Talatar da ta biyo baya Eladio ya shigo ta babbar ƙofa, ba ta bayan kicin ba, sanye da farar riga mai kwala, Fulgencio na biye da jakarsa. Abreu ya dube su. Bugun Eladio na farko ya tafi sambal tsakiyar fili.

"Mun buga, compadre!" in ji Fulgencio.

"Ni na buga. Kai ɗauki jaka."

A rami na bakwai ƙwallon Abreu ta tsaya taku huɗu daga ramin, kan gangaren da ciyawa ke kwanciya wajen teku. Ya tsuguna, ya miƙe, ya waiwayo kamar yadda ya saba.

"Don Eladio, ta ina za mu bi?"

"Doka ta hana abokin wasa ba da shawara, Licenciado. Bugu biyu za a ci ni tara. Ba ni da yadda zan yi."

Abreu ya buga sau uku kafin ta shiga. Ya gama da bugu casa'in da takwas, Eladio da saba'in da shida, a wasan da mai ƙarancin bugu ke cin nasara. Saura kwana sha tara jirgi ya tashi, saura Talata biyu, saura zagaye biyu. A gaban masu jaka da suka taru bakin rami na ƙarshe, Eladio ya miƙa wa manaja katin da fensir, ya tsaya a kansa har ya sa hannu, sannan ya wuce teburin rajista ya rubuta sunansa a ƙarfe bakwai na Talata mai zuwa.