Muryar Kawu Sabi'u a Tsakiyar Waƙar Inna

Duk wanda ya taɓa kai tsohon kaset shagon Kawu Sabi'u a kasuwar Wuse ya san inda na dosa. Ka ba shi waƙa ya juya maka ita ta shiga waya, zai kankare mata ƙarar kaset, ya daidaita sauti, ta fito tas. Amma da waƙa ta ɗauko daɗi sai ka ji gyaran murya: "Ehem! Aikin Sabi'u ne, layin 'yan waya, Wuse. A gaya wa na gaba." Kuma a tsakiya cif yake dasa ta, wai ta farko ana tsallakewa, ta ƙarshe ana yankewa. Haba jama'a, wannan wane irin ƙarfin hali ne?

Akwai wani darakta da ya sa Kawu ya yanko masa amshin waƙa don ƙarar shigowar kira. Ana tsakar mitin waya ta ɗau ruri, Kawu ya yi wa manyan ma'aikata gyaran murya. Mutumin ya iso shago yana huci.

"Malam, ka kunyata ni a gaban oga!"

"Da mutane da yawa a wurin?"

"Ɗaki cike!"

"Masha Allah. Sun dai ji sunan layin sosai ko?"

Haka ya yi wa wani ango a Masaka. Amarya na shigowa, ƙawaye na guɗa, sai ga Kawu a lasifika. Da aka tsare shi ko kunya bai ji ba, ya ce, "Kati ne bai iso ni ba, shi ne na aiko murya ta wakilce ni."

Duk wannan dariya nake yi, don ba a kaina ya faɗo ba. Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Bayan rasuwar Inna na tsinci kaset ɗaya tak mai muryarta, tana waƙar daka, wanda Baba ya ɗauka da rikoda tun muna ƙauye. Na kai masa.

"Kawu, don girman Allah, wannan ban da ehem."

"Haba 'yar nan! Yayata ce fa."

Zaren kaset ɗin ya riga ya ruɓe, da ƙyar ya zagaya sau ɗaya ya tsinke. Abin da Kawu ya tura min a waya, shi ke nan abin da ya rage na muryar Inna a duniya. Na koma gida na kunna. Ga taɓare na lugude, ga Inna ta ɗaga murya, ga ni ina hawaye. Sai kawai, "Ehem!"

Wallahi ban san lokacin da na tari tasi na koma Wuse ba.

"Kawu, har Inna? Har Inna ba ka bari ba?"

"Ke, ita ta goya ni. Tun ina bayanta nake katse mata waƙa, ba ta taɓa ƙorafi ba sai ke."

"To ba ni wadda ba ka taɓa ba."

"Na goge. Cika min kwamfuta take."

Na yi kuka, na kai ƙara wurin dangi, na rantse sai na sami mai cire min wannan muryar. Shi ko a jikinsa, in ya gan ni ma gyaran murya yake yi.

Ana haka Allah ya yi wa Kawu rasuwa. Ranar sadakar ukunsa, liman na shirin ɗaga hannu, wayar wani ta yi ehem. Aka tuntsire da dariya, aka ɓuge da share hawaye. Bayan an tashi, Oga Chidi, maƙwabcin shagonsa, ya matso kusa da ni.

"Hajiya, kawo wayanka. Ni zai cire muryan Baba Sabi'u sharp-sharp, waƙan Mama zai dawo kilin."

Har na miƙa masa, sai na ce bari in ƙara ji. Inna ta ɗauko waƙa, ƙaninta ya katse ta, ta ci gaba abinta. Na lura duk gidan kakana su biyun nan ne kawai zan ƙara jin muryarsu. Na fizge wayata.

"Bar min kayana. Ka taɓa ehem ɗin nan, ni da kai mun ɓata."

Har yau ban huce ba, Kawu, kada ka ɗauka ka ci. Amma Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sada ka da yayarka a Aljanna ka yi ta katse ta son ranka. Wanda ya ji wannan ya yi masa addu'a, kuma a gaya wa na gaba.